Hasken Bakin Rimot

Ranar da talabijin ɗinmu a Achida ta ƙi jin rimot, Baba ya ce ni na lalata shi, ya aika a karyo tsumagiya. Har na fara yi wa duniya bankwana, sai yayata mai karatun taurari a jami'a ta saita kyamarar wayarta a bakin rimot, ta danna maɓallinsa. Wani haske ya ƙyafta a wayar, alhali idanunmu ba su ga komai ba!

"Mi ke nan?" in ji Baba.

Yayata ta ce, "Rimot lahiya lau shike, Baba. Haske ne da ido bai gani. Saboda irinsa ake ƙera wa na'urar hangen nesa wani faranti mai ƙananan idanu kamar tsabar gero, don hango ɓoyayyun taurari."

Baba ya manta da ni, ya fita yana kallon sama da rana tsaka, yana ta subhanallahi.