Kwamandan da Kawu Mamman ya sassaƙa

Usur nake fara ji, tun rana ba ta gama hawa katangar gidanmu ba, sai warin isansi, wato fetur, gauraye da man zafi ya biyo baya. Ku da kuka zauna unguwarmu kun san fassararsa: Kawu Mamman, ƙanen mahaifiyata, zai fita kwaso tsofaffin sojojin da suka ji rauni ya kai su asibitin Zinder. Ƙungiyarsu ke zuba mai, shi kuma ya ba da mota da masifa, duka kyauta.

Shi ma tsohon soja ne, kaporal, amma na madafa. Shekara ashirin ya yi a soja, abin da ya taɓa jefawa bai wuce albasa cikin mai ba. Yana da wani tabo a hannu da yake kira raunin aiki.

"A wane fagen daga, Kaporal?" in ji masu tsokana.

"Tukunyar shinkafar bariki guda! Kai ka taɓa tsayawa gabanta tana tafasa?"

Ba a shiga motarsa sai an yi layi an kira suna, kuma girman muƙami ke raba wurin zama, ciwo bai da ta cewa. Da idona na ga ya cusa wani ƙaramin soja mai ƙafa ɗaya a baya, shi da sandunansa, ya ba wani sarsan, wato saje, gaba, alhali ciwon sarsan ɗin bai wuce kunne ba.

"Kawu, ka ji tsoron Allah! Ƙafa ɗaya fa gare shi!"

"Ai shi ya sa, 'yar lakwal," in ji shi, don haka yake kiran 'yar makaranta. "Rabin wuri zai ci."

Wallahi mai ƙafa ɗayan ya fi kowa dariya. Ya ce tun da ya dawo gida kowa sannu yake yi masa kamar mai jego, sai yau aka tuna shi soja ne.

Motar kuwa wata tsohuwar Fijo ce da ba ta tashi sai da turi. Wata rana ta mutu musu a hanyar Tirmini, fasinjojinsa uku: makaho, mai hannu ɗaya, da mai ƙafa ɗayan nan. Kawu ya sauko ya ƙare musu kallo.

"In an haɗa ku duka za a sami soja biyu. Ku tura!"

Suna cikin turi sai ga wani babba ya wuce cikin doguwar mota, wanda kwana kaɗan kafin nan ya tsaya gaban jama'a ya kira su jaruman ƙasa har muryarsa na rawa. Ya ɗaga musu hannu ta bayan gilashi. Kawu ya busa usur.

"Ku sara masa! Ƙasa ta gaishe ku da hayaƙi!"

Mutum ɗaya ne ya gagare shi, Ajidan Ibro na Gidimuni, wanda muƙaminsa na ajidan ya ɗara na sarsan. Nakiya ce ta tashi da motarsu can gabas, ƙafarsa ta ƙi warkewa. Likita ya ce in bai riƙa zuwa ana wanke ta ba, ƙarshenta yankewa. Randebu biyu na ganin likita suka wuce. Sau biyu Kawu yana zuwa, yana tarar da shi a inuwa yana kallon tafki, ya lulluɓe ƙafar da zane don kada a ji wari.

"Kaporal, koma da motarka. Ban kai hawa motar sadaka ba."

Ranar da ya dawo a karo na biyu, Kawu bai taɓa tuwonsa ba, mu kuwa mun san duniya ta ɓaci. Washegari ya same ni a tsakar gida ina rubuta waƙa a kan farin wata, lokacin ina jami'a.

"Bar watan nan, ba shi da randebu. Ɗauko farar takarda, rubuta da Faransanci: Kwamanda ya umarci Ajidan Ibro ya bayyana gaban likita ranar Talata, cikin motar aiki."

"Wane Kwamanda, Kawu?"

"Ke! Soja ba ya tambayar wane Kwamanda. Da ana tambaya, da ƙafafun mutanen nan suna jikinsu."

Na rubuta. Shi kuma ya yanki dunduniyar tsohon silifa, ya sassaƙa hatimi da wuƙar yankan albasa, ya tsoma a shuɗin wankin Inna, ya danna.

"Kawu, rubutun a juye ya fito."

"Sirrin soja ne."

Na bi shi Gidimuni ranar Talata, don in asiri ya tonu a kama mu tare. Ajidan Ibro ya karɓi takardar, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Ina jin kukan tsuntsayen bakin ruwa. Na san in ya yaga ta, ba takarda kaɗai ta tafi ba, har da ƙafar. Kawu ya ƙame kamar turken awaki, gumi na bin wuyansa.

Sai tsohon ya ce a miƙo masa sandarsa. Ya miƙe da ƙyar, ya sara.

"An ba da oda, Kaporal."

"An ba da oda, mon ajidan!"

Ranar ce kaɗai na ga muƙami da ciwo sun yarda da juna a kan kujerar gaba. Tun daga Gidimuni har ƙofar asibiti yana zagin tuƙin Kawu, Kawu na amsawa da "To, mon ajidan," bakinsa har kunne. Ƙafar ta tsira. Yana ɗingishi, amma da ita ya taka zuwa jana'izar Kawu.

Daga nan duk wanda girman kai ya hana shi hawa mota, sai Kwamanda ya aika masa takarda, har garin Dakusa. Ina jin a duk ƙasar nan ba a yi hafsan da ya tuna da mutanen nan kamar wannan na dunduniyar silifa ba.

Yanzu safiyar unguwarmu shiru take, har nakan farka ina jiran usur. Allah Ya jiƙan Kawu Mamman. Yadda ya rufa asirin masu jin kunyar karɓa, Allah Ya rufa nasa, Ya ba shi kujerar gaba ba tare da an duba muƙami ba.

Sai bara, bayan Ajidan Ibro shi ma ya rasu, 'yarsa ta nuna mini takardar, a ninke cikin akwatinsa tare da lambobin yabonsa. Ta ce kafin a tura shi gabas, shekara goma sha biyu mahaifinta ya yi yana sakataren bariki, shi ke buga takardun Kwamanda, shi ke danna musu hatimi. Da na buɗe ta, sai na ga ya gyara mini kuskure biyu da jan biro.