Ranar da Jobeda Ta Hana Baffa Gafur Kalmar Sirri

Shekara goma sha huɗu Jobeda Khatun ta yi a masana'antar ɗinki a Gazipur, aikinta duba wuyan riga. Kafin azahar riguna sun fi dubu da suka bi ta hannunta, kuma ko zare ɗaya ne ya kauce sai idonta ya kama shi. Da aka rufe masana'antar ta dawo gida Sirajganj da akwatin ƙarfe ɗaya, da 'yarta Mim, da ciwon wuyan da har yau bai rabu da ita ba. Mijinta Ansar Ali keken dako yake turawa, amma tun da bayansa ya riƙe, in ya yi kwana ɗaya a titi sai ya yi biyu a tabarma. Lokacin shekarunta talatin da bakwai.

Wanda ya tsaya mata shi ne Gafur Pramanik, shugaban cibiyar koyon sana'a da ke bayan tashar mota. Aminin mahaifinta ne tun suna yara. Shi ya yi wa mahaifin wankan gawa, Allah ya jiƙansa, shi kuma ya ba da aurenta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, Baffa take ce masa. Da ta je gaishe shi ya ce zai sa ta a ajin ɗinki, tunda hannunta ya riga ya faɗa.

"Baffa, ni da allura mun yi sallama," in ji ta. "Ajin kwamfuta nake so."

Ya daina tauna ganyen pan ɗin da ke bakinsa, wanda suke taunawa kamar goro. "Ke da kika tsaya a aji takwas?"

Ta ce a masana'anta akwai wani ɗan siririn mutum mai kula da kwamfutocin ofis. Ranar da suka tsaya, har manaja tsayawa yake yi a bayansa shiru, hannu a harɗe. Ta daɗe tana kallon mutumin nan. Baffa Gafur ya yi dariya har da tari, ya rubuta sunanta.

Su goma sha biyu ne a ajin, samari sha ɗaya sai ita. Ba su ce mata Apa ba, yadda ake ce wa yaya. Khala suka sa mata, kamar wata ƙanwar uwarsu da ta yi ɓatan hanya ta shigo. Wanda ya fi kowa baki shi ne Ripon, ɗan mai shagon waya a kasuwa.

"Khala, a hankali, wannan ba keken ɗinki ba ne, ba a taka shi da ƙafa."

"To na ji, ɗana. Kai da ka iya, me ya sa taka kwamfutar take kuka tun ɗazu?"

Turanci ya ba ta wuya ƙwarai. Ta sayi littafi mai jan bango, duk umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ta kwafe shi harafi harafi, a gefe ta rubuta abin da yake yi da nata harshen. Tana tsince shinkafa littafin na buɗe a kan cinyarta. Amma ranar da aka zo haɗa kan waya, wadda ake ja daga kwamfuta zuwa kwamfuta don su ji juna, samarin suka yi tsit. Siraran wayoyi takwas ne a ciki masu launi daban daban, kowace da gurbinta, in ɗaya ta shiga gurbin 'yar'uwarta aikin ya lalace. Jobeda ta kalla sau ɗaya, ta jera, ta matse. Goma ta yi, duka goman suka yi aiki. Ripon ya ɓata huɗu, ya ce wai launukan ne suka koɗe.

A wata na biyar labari ya zo cewa asibitin ido na bakin kogi yana neman mai kula da kwamfutocinsa goma sha takwas. Sharaɗi ɗaya ne: takardar shaidar ƙwarewa, kuma kafin ƙarshen wata. Jarrabawar sau ɗaya za a yi, wanda ya faɗi sai bayan wata shida. Jobeda ba ta da wata shidan. Sun riga sun yi magana da baban Mim: in ba ta samu ba, za ta koma Gazipur neman wata masana'antar, ta bar yarinyar wajen kakarta.

Ranar jarrabawa aka wayi gari da ruwa. Ta isa da gefen sarinta, dogon zanen da take naɗawa, a jiƙe, takalma a hannu. Mai jarrabawar daga Dhaka aka turo ta, wata mace mai gilashi, Sabiha Madam, ba ta dariya ba ta kuma ɗaure fuska. Ta ba kowa kwamfuta uku wayam, babu komai a cikinsu, da takarda ɗaya. A sa wa ta farko babbar manhajar da za ta tafiyar da ita, ta zama uwa. A haɗa sauran biyun da ita. A buɗe wa mutum biyar sunan shiga, kowa da iyakar abin da zai gani: likita ya ga takardun majinyata, mai rajista ya ga sunaye kawai. A sa injin buga takarda ya amsa wa kowa. Awa uku.

Jobeda ta yi bismilla ta fara. Da ta zo zaɓar kalmar sirrin mai kula, wadda ke buɗe komai da komai, ta kare allon rubutu da gefen mayafinta, yadda aka koya musu. Wuta ta ɗauke sau ɗaya, aka ta da janareta, ba ta yi asarar komai ba. Awa biyu ta wuce, uwar ta tashi, 'ya'yan biyu sun gan ta.

Daidai nan Sabiha Madam ta duba agogo, ta ce za ta sha shayi, kowa ya ci gaba. Fitarta ke da wuya sai ga Baffa Gafur ya shigo, lema a hammata, farar takarda da biro a hannu. Samarin suka yunƙura za su miƙe, ya ce su zauna. Ya tsaya a teburin farko.

"Rubuta min kalmar sirrinka a nan. In an tashi zan duba aikinku da kaina."

"To, Yallaɓai."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ko ɗaga kai. Ripon har da miƙa biron da hannu biyu. Jobeda tana jin takunsa yana matsowa, tana jin ƙamshin pan. Ta san abin da ke shafi na tara a jan littafinta, da hannunta ta rubuta: wannan kalmar ba a ba kowa, ko waye. Amma ranar da take rubutawa ba fuskar Baffa ta gani ba.

Ya ajiye takardar a gabanta. "Jobeda."

Ta miƙe tsaye, ta gyara mayafi, idonta a ƙasa. "Baffa, ka yi haƙuri."

"Haƙurin me? Rubuta."

"Ba zan iya ba, Baffa. Amana ce."

Baffa ya ƙara tura takardar gabanta.

"Amanar wa? Kwamfutocin wa ne? Wa ya sa ki a ajin nan?"

"Kai ne, Baffa. In Madam ta dawo ta yarda, sai in buɗe maka naka sunan, ka ga duk abin da ya kamata ka gani. Amma wannan ɗin..."

"Nawa sunan!" Muryarsa ta hau. "Ni za ki yanka wa iyaka? Ni da na ɗauke ki a kafaɗa na kai ki kallon tseren kwalekwale? Da ubanki na da rai ya ji wannan..."

Bai ƙarasa ba. Hawaye ya cika mata ido, amma hannunta na bayanta, ba ta taɓa biron ba. Ya tsaya yana kallonta, can ya ɗauki takardarsa ya fita, ya manta lemarsa jingine da teburinta.

"Khala, kin kashe kanki," Ripon ya raɗa mata. "Wa ke sa hannu a takardar shaida in ba shi ba? Kalma ce fa kawai, ba gonar gado ba."

"Yi aikinka, ɗana."

Ta zauna. A ranta ta riga ta hau motar Gazipur, ta riga ta ga Mim a ƙofar gidan kakarta. Abin da ya fi ci mata rai ma ba wannan ba ne, yadda za ta sake shiga gidan Baffa ranar idi ne. Duk da haka aiki na gabanta. Ta gwada injin buga takarda, kwamfuta ta biyu ta buga, ta uku ta ƙi. Ta duba waya, lafiya lau. Ta sake gwadawa, shiru. Saura minti ashirin. Ta goge ido, ta bi lambobin da ta ba kwamfutar ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, kamar mai bin layin ɗinki, sai ga shi: inda za ta sa ɗaya, bakwai ta sa. Ta gyara. Takarda ta fito da ɗuminta saura minti huɗu.

Bayan azahar Sabiha Madam ta tara su. Ta riga ta zagaya ta gwada aikin kowa. A hannunta ga farar takardar nan ta Baffa, shi kuwa yana zaune a gefe yana kallon taga.

"Kalmomi goma sha ɗaya ne a nan," in ji ta. "Ni na roƙi Yallaɓai ya tambaye ku. Da su na shiga kwamfutocinku yanzu, na karanta takardun majinyatan da aka ba ku tsaro. Yawancinku aikinku ya yi kyau. Amma a wannan ɓangaren ba ku ƙware ba tukuna, sai kun dawo."

"Madam, amma ai Yallaɓai ne!" in ji Ripon.

"A wurin aikin ma wani Yallaɓai ne zai zo. Ka taɓa ganin ɓarawo ya ce shi ɓarawo ne kafin ya nemi mabuɗi?" Ta juya. "Jobeda Khatun. Kin ɗan yi nawa, kuma sunayen jakunkunan ajiyarki na cikin kwamfuta Turancinsu sai a hankali. Amma komai ya yi aiki. Kin ƙware."

Jobeda ta sunkuyar da kai. Ta rufe fuska da mayafi, leɓɓanta na motsi. Da aka tashi samarin suka kewaye ta, wasu da haushi wasu da dariya. Ripon ya sosa ƙeya ya ce, "Apa, za ki ara min jan littafin nan?"

Zancen Baffa bai ƙare a ranar ba. Abin da Madam ta roƙe shi kawai shi ne ya tambayi kalmar, maganar kafaɗa da ta marigayi daga cikinsa ta fito, kuma da gaske abin ya soke shi. Ya sa hannu a takardarta bai dube ta ba. Da ta kai masa lemarsa da tukunyar kindirmo mai zaƙi, matarsa ce ta karɓa, aka ce yana barci, alhali ana jin tarinsa. Mako biyu ana haka. Jobeda ta fara aiki a asibitin ido da wannan nauyin a ƙirjinta.

Ansar Ali ne ya kawo mata labarin. Ya tsaya shan shayi a tasha, ya tarar da Baffa Gafur a kan benci, mutane sun kewaye shi, yana buga cinya.

"Ni fa! Ni da kaina ta hana! Na yi tsawa, na kira sunan ubanta, yarinyar nan tana kuka amma ko gezau. Ku kai idanunku asibitin nan hankali kwance, ba mai jin sirrinku."

Yau shekarar Jobeda uku a asibitin. Kwamfutocin sun kai ashirin da shida. Tana da ɗan ɗaki a ƙarƙashin bene, da fanka, da dardumar salla a ninke a kan kujera, wayoyinta kowace da sunanta a ɗaure a wuya da rubutun hannunta. Mim na aji bakwai, a gida tare da uwarta da ubanta take kwana. In kwamfutar rajista ta tsaya da safe, layin tsofaffi masu auduga a ido ya kai bakin ƙofa, sai ka ji ana cewa a kira Jobeda Apa. Tana zuwa a hankali, ta ja kujera ta zauna, babban likita na tsaye a gefe yana jira ta gama.