Buhu Uku a Ƙarƙashin Gado

Baba Mai Rijiya bai iya zama ba. Shekara talatin yana cikin rami kafin ciwon gwiwa ya fito da shi, amma har yau in ka ba shi kujera sai ya zagaye ta ya wuce.

Duk rijiyar da ya haƙa sai ya fito da dutse ɗaya a aljihu. Akwai fari garau kamar ƙanƙara, akwai shuɗi, akwai mai ruwan hoda, da wani baƙi mai ɓarewa falle-falle kamar albasa. Sun cika buhu uku a ƙarƙashin gado.

Ranar da za su tashi daga gidan, direban motar kaya ya ɗaga buhu ɗaya ya dire.

"Baba, gawa ce a ciki?"

"Ɗaki ɗaya za mu koma," in ji matarsa. "Ko duwatsun nan, ko ni."

"Su dai ba sa mita."

"To su dafa maka."

Direba ya ce minti ashirin ya ba shi. Baba ya ari baro, ya loda, ya tura yana ɗingishi. Bola na kan hanya, ko kallonta bai yi ba, sai makarantar firamare da ke tsallaken titi.

Malamar aji uku ta leƙa buhu. "Baba, ba na nuna wa yara abin da ban sani ba. Wannan ya sunansa?"

"Gaba tara."

"Na'am?"

"A zurfin gaba tara ake samunsa. Kina ganinsa, ruwa ya kusa."

"Wannan ai ba kimiyya ba ce."

Direba ya danna hon. Baba ya zari wani mai toka-toka, bai nemi izini ba ya tsoma shi a kofin ruwanta. Dutse ya fito kore shar! Aji ya watse, yara suka yi caa a kan tebur.

"Kaka, alewa ce?"

"Alewar da ta fi ƙarfin haƙorinki, yarinya."

Malama ta buga tebur, babu mai jin ta. Ta dubi kofin, ta dubi tsohon.

"Ajiye su. Amma bayaninsu yana kanka, ba ya littafina. Duk Laraba ka zo."

Ya iske mota ta fara tafiya, ya kama ƙofa yana haki.

"Ina 'ya'yan naka?" in ji matarsa.

"Na sa su makaranta. Ni ma an ɗauke ni. Matsa mini."