Baba Isuwa, Mai Sa Manya Juya Shinkafa

Kafin masu sallar asuba su watse, Baba Isuwa ya riga ya turo baronsa da jarkokin ruwa. Sai ya bi itatuwan filin bayan unguwarmu a Birnin Kebbi, dogon yaro da mangwaro, ya shayar da su, ya tsince kwalba saboda ƙafar yara, ya share kashin awaki, sannan ya zauna kan tsohuwar taya ya fara faɗa da awakin da suka yi kashin. Ba mai biyansa. Yanzu gwiwa ta ƙi, matarsa Mama Susanna ta kafa doka, ƙarshen watan nan zai miƙa aikin ga matasa. Shi ya sa na ce sai na rubuta, ko da rubutun nawa na direban hanyar Argungu ne.

Wurin nan da juji ne, irin wanda ake wucewa da gudu. Isuwa mutumin Filato ne, gadi da ban ruwan fulawa a wata makaranta suka kawo shi, ya yi ritaya ya ƙi komawa. Ya roƙi mai unguwa izni, ya kwashe shara, ya dasa itatuwa, ya zuba jar ƙasa ya yi hanyar zagaye, ya binne tayoyi rabi don tsalle, ya ɗaura lilo. Burinsa mutane su riƙa motsa jiki, don ya gaji da zuwa gaisuwar masu hawan jini.

Yara suka cika wurin. Manya kuwa ko ɗaya. Gaskiya ɗaya ce, a nan babban mutum ba ya tafiya sai da inda za shi. Alhaji Sunusi dillalin albasa, da likita ya ce ko ya yi tattaki ko ya yi wasiyya, ya taɓa gwadawa. Yana zagaye na biyu da babbar riga sai wani ɗan kabu-kabu ya taka birki. "Alhaji, lahiya? Mi ya ɓace?" Kafin azahar labari ya kai gidansa wai an ga Alhaji yana kewaye shi kaɗai, a taimaka da addu'a. Bai sake komawa ba.

Sai kaka ta yi, shinkafar fadamar Zauro ta shigo. A ƙasar nan ko tsakar titi ka share, ka juya baya, shanya za ka tarar. Inno, shugabar mata masu turara shinkafa, tsohuwar da ko mai unguwa sai ya gyara zama in ta shigo, ta shimfiɗa tamfol a filin. Da inuwa ta hana shinkafarta bushewa, ta kai ƙara. "Hilin ga ba mai moro nai sai ƙanƙana da awaki. A sare itacen ga mu samu rana." Mai unguwa ya dubi Isuwa ya ce in har mako ya zagayo bai ga magidanta na amfani da wurin ba, gatari zai shiga.

Isuwa bai yi gardama ba. Ya koma kan tayarsa yana kallon itatuwan da ya raina kamar 'ya'ya, abinci ma ya kasa ci. Yana nan sai idonsa ya kai kan Inno. Ta tuɓe takalmi tana jan ƙafa cikin shanya, ta je ƙarshe ta dawo, yadda ake juya shinkafa don ta ƙasa ta ga rana. Tana haki, zufa har wuya.

Ya matsa. "Inno, Alhaji Sunusi ba ɗan ƙanenki ba ne?"

"Awo. Ni na goye shi, tun bai aje tumbin ga ba."

"To kina wannan wahala yana kwance ƙarƙashin fanka?"

Inno ta tsaya cak. Ta aika a kira shi.

"Kai Sunusi, hidda takalmi."

"Gwaggo, ni? Gaban mutane?"

"Da can bayan mutane ni wanke maka kashi? Shiga!"

Ya shiga. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, tumbi na gaba yana biye. Ɗan kabu-kabun nan ya sake tsayawa. "Alhaji, lahiya?"

"Makaho kake? Gwaggota nika taimako."

"Allah shi yi albarka, Alhaji!"

Shi ke nan. Abin da jiya hauka ne, yau ya zama zumunci. Washegari duk mai hawan jini a unguwar ya tuna yana da gwaggo a cikin masu shanya. Wanda ba shi da ita ya ara. Felix mai kemis, da ko dangin nesa ba shi da shi a Kabi, ya rantse shi ma Inno gwaggonsa ce, ta ce ta karɓa, ya shiga layi. In sun gaji su zube a inuwa suna numfashi kamar jakin da ya hau tudu. Ranar da mai unguwa ya zo duba wuri, Inno ce ta tare shi. "Wanda ya taɓa itacen ga, ni da shi. Ina ɗiyana za su huta?" Aka raba: tsakiya ta shanya, gefe na inuwa. Da shinkafa ta ƙare ƙafa ta riga ta saba, suka ci gaba da zagaye, da yamma mata su yi nasu.

Baba Isuwa, kai ne ka gane ba lalaci ke kashe mu ba, kunya ce, ka kuma sama mata magani ba tare da ka kunyata kowa ba. Kai ne baƙon da ya fi 'yan gida kishin gida. Rijiyar bakin hanya, mai sha bai san wa ya gina ba. To mu mun sani. Mun gode, Allah ya saka, ya sassauta gwiwar nan.

Ku kuma 'yan sauran unguwanni, daga nan har Argungu da Augie, kowa ya san jujin bayan gidansa. Ku ɗauki shebur, kada ku jira kowa. In kun gyara manya suka ƙi zuwa, kada ku ɓata bakinku da wa'azin lafiya, ba mai ji. Ku nemo tsohuwar da ba a iya ce mata a'a.