Ganyen Saman Dutse

Na yi girki a gidajen manya a Nassarawa tun ina da ƙarfin ɗaga turmi ni kaɗai, kuma ba a taɓa dawo mini da kwano ba. Ban shiga aji ba, amma harshena ba ya kuskure gishiri. Abu ɗaya aka taɓa dawo mini da shi, shayi, ranar da na kama aiki a gidan Hajiya.

Hajiya ba Bakanuwa ba ce. Daga Mambila mijinta ya auro ta, can inda ake noman shayi a kan duwatsu, ya ajiye ta a wani tsohon gida mai dogayen darbejiya, irin gidan da in ka yi sallama a ƙofa muryarka ba ta kaiwa ciki. Sanda na zo maigidan ya riga ya rasu, idonta ma ya tafi. Na haɗa mata shayi irin namu: ganye a tukunya, citta, kanumfari, na bar shi ya yi ta tafasa har ya yi baƙi ƙirin. Ta kai hanci, ba ta ko kurɓa ba.

"Wa ya kashe mini ganye?"

"Hajiya, shayi ne fa."

"Jiƙo ne wannan. Kai wa mai basir."

Na haɗiye maganar da ƙyar, don ba a taɓa yi mini haka ba. Ta sa na jawo kujera, ta koya mini. Ruwa ya tafasa, a sauke, a zuba a kan ganye, a rufe, a ja carbi zagaye ɗaya, a tace. Ba citta, ba madara.

Gwangwani biyu take da su, mai jan murfi da mai shuɗi. Ƙaninta ne ke aiko mata da ganyen ta hannun direbobin manyan motoci. Mai shuɗi na gindin dutse ne, mai ja na can sama. Tana budurwa ta yi aikin tsinkar ganye, ta fara daga ƙasa, sai da ta ƙware aka hau da ita.

"Na ƙasa a ɗumi yake," in ji ta. "Yau ki tsinka, jibi ya sake tohowa. Sauri ne da shi, shi ya sa ba komai a cikinsa sai baƙi da bauri, sai an lallashe shi da madara. Na sama sanyi ne ke riƙe shi. Gajimare a kansa yake kwana, ba ya ganin rana sai hantsi. A hankali yake girma, 'yan ƙanana, ƙamshin duk ya taru a ciki."

Na ɗanɗana, na yarda. Na sama in an tace shi ja ne garai kamar zuma a hasken rana, kana ganin gindin kofi, in ka haɗiye kuma sai wani ƙamshi ya biyo baya, kamar fure bayan ruwan sama. Mai ja sai ranar Juma'a ake buɗe shi.

Shekaru suka tafi, gigin tsufa ya kama ta. Ta daina sanin safe da yamma, ta daina sanina. Ta kan wuni tana tsinkar bargo da yatsu biyu, tana jefawa bayanta, cikin kwandon da babu shi.

Wata Juma'a cikin bazara, an ɗauke wuta, zafi kamar a cire fata, na kai mata na jan murfi. Kurɓa uku ta yi, ta ɗago kai.

"Ke, wa ya matsar mini da gado daga jikin taga?"

Muryarta ce ta da, sak. Ta tambayi maigadi, ta tambayi mangwaron bayan gida ko ya yi 'ya'ya. Ni kuwa ina tsaye tsigar jikina na tashi, don ɗakin ya yi sanyi. Ba sanyin fanka ba, wani sanyi mai laima, irin wanda ke shiga ta ƙafa. Na dubi gilashin taga, ya yi fari, ruwa yana gangarowa ta ciki. A waje kuma ƙadangaru suna haki. Da kofin ya ƙare ta koma tsinkar bargo, gilashin ya bushe.

Na gwada na shuɗin murfi washegari. Ta sha, ta yi 'yar dariya irin ta 'yammata, ta yi Fillanci da wasu da ba na gani, shi ke nan. Ban gaya wa kowa maganar taga ba. Maganar farfaɗowar ce ta fita, ta bakin maigadi.

A shekarar ƙanin nata ya rasu, ganye ya yanke.

Hajiya tana da 'ya, autarta. Bayan rasuwar maigidan sun yi cacar baki a kan gidan, yarinyar ta ce da uwar baƙauya 'yar tsinkar ganye, a gaban mutane. Hajiya ta ce ba ta yafe ba, duniya da lahira. Yarinyar ta bar ƙasar, ba ta sake takowa ba. Sai ga wayarta.

"Iya, an ce in ta sha shayinki tana dawowa. Gaskiya ne?"

"Gwargwadon kofi ɗaya."

"Ki ajiye mini kofi ɗaya, don girman Allah. Ina so ta yafe mini tana sane."

Na ce an gama. Ni da ban taɓa cewa abu ya gagare ni a kicin ba.

Sai dai zuwan nata ya ja, wata biyu, wata uku. Akwai ranakun da Hajiya ke kuka ba ta san dalili ba, ta ƙi abinci, sai in ɗan tsakuri ganyen in ba ta, ta dawo ta ci tuwo. Ranar da Auta ta iso, bayan la'asar, na buɗe jan murfi, abin da ke ciki bai kai rabin cokali ba, shi ma yawanci gari.

Da a ce na zuba shi haka nan a ruwa kaɗan, ko kurɓa uku ne, da ya isa. Na san haka yanzu. Amma ni mai girki ce, hannuna ya saba: in miya ta yi kaɗan a ƙara mata, ba a kai wa baƙo abu ɗan kaɗan a gindin kwano. Na dubi shuɗin murfi, cike yake. Na ce ai dutse ɗaya ne. Na cika cokalin da ganyensa. Na ja carbina, na tace. Ya fito da ɗan duhu, amma wa zai gani? Mai sha makauniya ce.

Auta tana durƙushe a bakin gado, ta zama babbar mace, har da furfura a gefen ɗankwali. Na ɗora kofin a hannun Hajiya. Ta kurɓa. Ta sake kurɓa.

Sanyin ya zo, amma iya gwiwa ya tsaya. Daga gwiwa zuwa sama gumi nake, ƙafafuna kuma kamar na tsoma su a randa. Gilashin ya yi fari rabi, layi a miƙe kamar an ja da zare.

Hajiya ta ɗago kai, tana juya shi dama da hagu.

"Ina ne nan? Ba na ganin hanya. Ku tsaya ni mana."

Muryar ba ta tsohuwa ba ce, ba kuma ta budurwa ba.

"Umma, ni ce," in ji Auta. "Autarki ce. Na zo ki yafe mini abin da na faɗa miki."

"Baiwar Allah, ke ma hawa za ki yi? Riƙe zanena, gajimaren nan yana ɓatar da mutum."

Auta ta kama gefen zanen da hannu biyu, tana kuka. "Umma, ki ce kin yafe mini."

"Me kika yi mini?" Ta shiga lalubar fuskar yarinyar, daga goshi har haɓa. Ta daɗe a wajen kunne. "To, na yafe miki. Duniya da lahira. Kar ki saki zanen."

Ta shanye sauran, yatsunta suka koma kan bargo.

Auta ta biyo ni har bakin ƙofa, ta riƙe mayafina. "Iya, ta gane ni? Ke kika san ta. Ni ta yafe wa, ko wata ce a kan hanya?"

Na ce, "Ta gane ki." Na faɗa da ƙarfi, yadda nake faɗin abinci ya nuna. Ta fita tsakar gida, na ji tana ta godiya ga Allah.

Na koma ɗaukar kofi. Ina miƙa hannu, Hajiya ta cafke mini wuyan hannu. Tafinta sanyi ƙalau, jiƙe, kamar wadda ta fito daga cikin raɓa. Ta jawo ni har kunnena ya kusa taɓa bakinta, ta yi magana da muryarta ta da, wadda ta kira shayina jiƙo.

"Gauraye kika yi."

Na ce, "Hajiya, kin san wadda ta zo?"

Ta sake ni. Na sake tambaya, har sau uku, na durƙusa ina tambaya. Tana ta tsinka, tana jefawa baya. Kwana tara bayan nan ta rasu, ba ta ƙara cewa komai ba. Auta ta kan kira ni duk Sallah, tana cewa albarkacina ta samu kwanciyar rai, ni kuma in ce Allah Ya jiƙan Hajiya, in tambaye ta yara.