Mai Busa a Cikin Kwari

A shekarun da mai ya yi tsada, injin niƙa nake da shi a bakin kasuwar garinmu. Duk wanda yake so ya san halin da gari yake ciki, ba sai ya tambayi kowa ba, ya je ya zauna wajen mai inji. Da can da daro yara suke zuwa. Sannu a hankali daro ya koma kwano, kwano ya koma gwangwani, har aka kai inda mace za ta aiko da masarar da ba ta isa ta rufe maƙogwaron injin ba, kuma a ce in niƙa da laushi. In na tayar da inji saboda wannan, na ƙona mai a banza. In na ƙi, wani gida ba za a ɗora tukunya ba. Haka nake yini ina saƙawa ina kwancewa, ƙara a kunnena, gari a gemuna.

Ni dama can ba mai haƙuri ba ne, shekarun nan kuwa suka ƙarasa ɗan abin da ya rage. Na riƙa yi wa kowa tsawa. Akwai ranar da na jefi ɗan akuya da sifana don kawai ya leƙo rumfata. Kaina ya dinga sarawa, matata ta matsa min har na je asibitin garinmu. Ma'aikacin ya ɗaure min dantse da abin awo, ya ce jinina ya hau. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce, "Baba, a rage gishiri, a rage tunani." Gishirin na gane. Tunanin kuwa na tambaye shi a ina ake ajiye shi, ya yi dariya ya kira na bayana.

A hayin kwarin da yake bayan gari akwai wani dattijon Bafulatani da 'yan shanunsa. Tun ina yaro na tarar da rugar a wurin. Baffa muke ce masa, mu da 'ya'yanmu duka. Matarsa ce take kawo nono cikin gari, ƙanana da manya kowa ya sha daga ƙwaryarta. Wata rana da rani na je wajensa neman takin shanu, tunda takin zamani ya fi ƙarfin irinmu. Na same shi a gindin gawo yana busa sarewa. Ya ɗaga min gira alamar in zauna, bai daina ba. Na zauna da niyyar in faɗi abin da ya kawo ni in tashi, ban tashi ba sai da na ji kiran magariba. A hanyar komawa na lura kaina ya daina sarawa, maganar takin ma ban yi ta ba.

Da na koma washegari na ce masa, "Baffa, wannan abin ana koyonsa da girma?"

Ya dube ni, ya dubi gemuna. Ya ce, "Ana koyo. Iyawar ce ban sani ba."

Da bututun roba ya yi min tawa, irin wanda ake zura wayar lantarki a ciki. Ya ce ta kara fashewa take yi, ni kuma ya ga hannuna na kama ƙarfe ne. Ya sa ƙusa a wuta ya huda mata ƙofofi huɗu, ya goge bakinta da dutse. Ba ta da wani abin sawa a baki, a buɗe take ta ko'ina. Karkata ta ake yi a gefen leɓe, a bar iska ta bi ta kan bakinta. In ka gani a hannunsa sai ka ce ai wannan ba komai ba ne.

Na daɗe ba na fitar da komai sai fuu. In na matsa, jiri ya kwashe ni, in ga gawon yana juyawa. Baffa ya ce, "Mai inji, wuta kake hurawa? Ba faɗa aka ce ka yi da ita ba. Sassauta." Ni kuwa duk rayuwata abin da ya ƙi tashi da ƙarfi nake tayar da shi. Ranar da ta fara fitar da murya, wata irin murya ce mai kama da ta ɗan tsako, amma wallahi na ji daɗi har cikin raina. Daga baya na gane inda maganin yake. Mutum ba ya iya riƙe numfashinsa daidai, yana lura da yatsunsa, kuma yana tunanin kuɗin mai a lokaci guda. Dole ɗaya ya fita, shi ke nan.

Ya ɗora ni a kan wata 'yar busa da suke yi wa shanu in za a koma gida. Farkonta kawai na kama: gajeru biyu, sai ta uku mai tsawo. A kan ta ukun numfashina yake ƙarewa, muryar ta karye. Sai in yi shiru in huta, in sake daga farko. Ya ce in yi ta yi har ta zauna, sannan ya ƙara min.

To a ina zan yi ta yi? A gida ba zai yiwu ba. Ina da surukai, 'yata ta fari har ta haihu. Sarewa a wajenmu abin yara makiyaya ce. In aka ga magidanci da furfura yana busa bututu, cewa za a yi tsadar mai ta taɓa mai inji. Rugar kuma ba kullum nake iya zuwa ba. Sai na samu wani lungu a cikin kwarin, wanda rani ya busar, inda ba mai hango ni daga sama. In na yi sallar la'asar na kashe inji, sai in ce wa matata zan leƙa gona. In zauna a kan rairayi in yi gajeru biyu da mai tsawo, in yi shiru, in sake. Na fara yin barci. Na daina jifan dabbobin mutane.

A wannan shekarar ne labarin ɓarayin shanu ya fara matsowa kusa da mu. Da daga nesa muke ji, wajen iyaka. Sai aka ce an shiga wani ƙauye ta wajen Shanono, sai aka ce an kore shanun huɗa a wani gari da muke cin kasuwa tare. Matasa suka kafa sintiri. Kowa ya koma ɗaure sansa a tsakar gida. Na san duk wannan. Abin da ban sani ba shi ne maganar da ake yi a gari, don wajen inji ba a hira. Mutum zai zo ya miƙa kwano, ya yi min nuni da hannu, ya karɓa ya tafi. Ni ne na ƙarshen jin komai a garin nan.

Matata ce ta gaya min, muna cin tuwo. Ta ce gobe za a zauna da Baffa a ƙofar Maigari. Na ce a kan me? Ta dube ni kamar na dawo daga wata ƙasa. Ta ce ai an kwana biyu ba mai sayen nonon matarsa, yadda ta shigo da ƙwaryar haka take komawa da ita. Ta ce mata masu itace ne suka fara ji, daga baya 'yan sintiri ma suka ji: kullum da yamma ana yi wa ɓarayi alama daga wajen rugar. Ba busa ce ta daɗi ba, in ji ta, kowa ya ji ya san saƙo ne. A yi, a yi shiru a jira amsa, a sake.

Na ce, "Yaya ake yin ta?"

Ta ajiye lomarta, ta tattara leɓe, ta yi min. Gajeru biyu, sai mai tsawo. Har karyewar ƙarshen sai da ta kwaikwaya, ba ta bar komai ba. Ta ƙara da cewa ranakun da aka ji shiru, a cikinsu aka kore shanun huɗar nan, wato an riga an gama shiri. Na tuna ranakun. Injina ne ya lalace, na yi ta zirga-zirgar Ɗambatta neman ƙarfen da ya karye.

Na tsame hannuna daga tuwon. Na shiga ɗaki na zaro bututun daga inda nake ɓoye shi, na ajiye a gabanta. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Innalillahi. Malam, kai ne?" Sai ta rufe baki da gefen mayafi. Har yau ban san ko dariya take yi ba.

Da hantsi na tafi ƙofar Maigari. Ba zan ɓoye ba, kunya ta kama ni sosai a hanya. Na tarar an cika. Baffa yana zaune a ƙasa a tsakiya, sandarsa a gefe, hularsa ta kaba a kan gwiwa. Shugaban 'yan sintiri, yaron da aka haifa a gaban idon Baffa, yana tsaye a kansa yana cewa ko ya faɗi wanda yake yi wa alama, ko ya kwashe shanunsa ya bar mana gari.

Maigari ya ce, "Baffa, ka ji abin da ake faɗa."

Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji. Tun kafin a haifi rabin mutanen nan nake busa a garin nan. A ce wannan busar tawa ce?" Abin da ya faɗa ke nan. Ya san mai yin ta sarai, ya gan ni a tsaye a bayan mutane, bai ko kalli wajena ba.

Na kutsa na durƙusa na yi gaisuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne." Ba wanda ya gane abin da nake nufi. Na zaro bututun daga aljihun rigata na kai baki. Da farko fuu kawai ta yi. Na sake. Gajeru biyu suka fito, ta ukun ta karye daidai inda ta saba karyewa.

Sai wani daga baya ya ce, "Wallahi ita ce!" Aka fashe da dariya. Har da masu riƙe ciki. Liman ya sunkuyar da kai kafaɗarsa tana motsi. Wani ya ce a sake, na ce ba zan sake ba. Maigari ya tambaye ni abin da ya kai ni, na ce likita ne ya ce in rage tunani, aka ƙara wata dariyar. Shugaban 'yan sintiri ya ce, "Haba Baba, ai da mun san kai ne, wa zai tayar da magana?" Maigari ya ce magana ta ƙare, kowa ya kama gabansa. Aka watse ana ta kwaikwayon busata. Ba wanda ya ba Baffa haƙuri, ina jin ba wanda ya ga akwai abin ba da haƙuri. Ya ɗauki sandarsa ya sa hularsa ya tafi.

Daga ranar na zama abin tsokana, yara suna bin bayana da tu-tu-tuu. Na saba. Tunda asiri ya tonu sai na koma yi a ƙofar gidana, a gaban kowa. Aka ci gaba da sayen nono. Ni a ganina komai ya koma yadda yake.

Ana gab da faɗuwar damina na je rugar, na tarar an kwance bukkoki. An ɗora kaya a kan jakuna, matarsa tana ɗaure ƙore a cikin raga. Na tambaye shi ina zuwa, ya ce kudu, wajen 'yan uwan matarsa. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya kamar yadda na saba.

Na ce, "Baffa, wane irin abu ne wannan? Ba an wanke ka ba? A gaban kowa aka ce ba kai ba ne."

Ya ci gaba da jan igiyar da yake ɗaurewa. Ya ce, "Kai aka yarda da kai, mai inji. Ka ce kai ne, aka yi dariya. Ni na ce ba ni ba ne, ba wanda ya ji." Ya gama ƙullin, ya gwada shi da hannu. "Gobe in wani abu ya ɓata, ba ka da wata sarewar da za ka zaro."

Na kama masa ɗaurin ɗaya jakin. Da suka tashi na bi su don in yi musu rakiya, shanun a gaba, mu a baya. Muka gangara kwarin muka hau, muka bi ta gefen gonaki da aka riga aka share ana jiran ruwa. Wasu mutane suna watsa taki daga nesa, suka miƙe suna kallonmu, ba su ɗaga hannu ba. Niyyata in kai su har bakin titi.

Muna isa inda hanyar ta rabu, Baffa ya tsaya ya miƙo min hannu. Na ce ai da sauran tafiya, bari in ƙara taka musu. Ya kalli masu watsa takin, ya ce, "A'a, koma daga nan. Kai a garin nan za ka kwana. Kada a gan ka da mu da yawa."

Na koma. Da na isa rumfa na tarar da kwanuka a jere suna jirana, na tayar da inji.