Fararen Ɓeraye a Ɗakin Ajiyata

Ni dai ɓera a wurina abin kashewa ne. Shinkafa nake turarawa ina sayarwa a Gashuwa, kuma ba ni da maƙiyin da ya kai shi yi mini ɓarna. To sai ga 'yata ta fari, wadda ke ajin ƙarshe a jami'a, ta shigo da keji biyu cike da fararen ɓeraye masu jajayen idanu, wai a gidana za su yi dogon hutu don babu mai kula da su a makaranta.

Na ce, "Ke, lafiyarki kuwa?"

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Wai a hanjin kowane mai rai akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, bakteriya, kuma abin da ka ci shi suke ci. In gero da wake ne, wasu iri ne za su yawaita. In maiƙo da sukari ne, wasu ne dabam, kuma abin da suke fitarwa a jiki ma ya sha bamban. Keji ɗaya na 'yan gero ne, ɗaya na 'yan maiƙo. Za ta riƙa auna nauyinsu, ta tsince kashinsu a ƙananan kwalabe ta sa a ƙanƙara, a ƙarshe a kai Kano a duba. Wannan ne aikinta na kammala karatu. In ya lalace, sa'o'inta za su fita su bar ta, sai ta ƙara shekara.

"Umma, abu ɗaya na roƙe ki. Kada kowa ya ba su komai, ko ƙwayar shinkafa."

Na ce wa zai ɓata shinkafarsa a kan ɓera? Muka shimfiɗa musu ɓuntun shinkafa, muka sa su a ɗakin ajiya, inda tsofaffin tarunan Baba ke rataye.

Baba mahaifina ne, tsohon masunci. Daga Nguru na ɗauko shi da ciwon ƙoda ya kama shi. Likita ya hana shi gishiri da busasshen kifi da ƙuli-ƙuli, ni kuwa na tsare dokar nan kamar soja. Miyarsa dabam nake yi, lami. Ya ci loma biyu ya ture kwanon, in yi ta sababi. Da jikar tasa kaɗai yake dariya, yana kiranta amarya, tana ce masa ango mai sanda.

An ɗan kwana biyu lafiya lau, sai na ga yarinya ta fito daga ɗakin ajiyar fuskarta ba daɗi. 'Yan gero sun fara ƙiba kamar 'yan maiƙo, kashinsu ma ya sauya. Ta sake aunawa, haka dai. Ta tona ɓuntun, sai ga ɓarɓashin ƙuli-ƙuli.

Zuciyata ba ta je ko'ina ba sai kan maƙwabciyata. Matar nan tun ranar da ta ga kejin ta taɓe baki ta ce, "Me ake da farin ɓera a gida in ba wani abu ba?" Tata 'yar ba ta samu shiga jami'a ba, kuma ga ta da shige-shige, yau aron rariya, gobe aron taɓarya. Na ce lalle biri ya yi kama da mutum. Gaisuwarta ma na koma amsawa a daƙile. In ta shigo sai in bi hannunta da ido, in ta fita in shinshina inda ta tsaya. Har mai kawo mana ruwa sai da na zarga, bawan Allah.

Yarinya ta ce mu sa kwaɗo. Na ce a'a, kama mai yi nake so. Da azahar, lokacin da ta tafi sayo ƙanƙara gida ya yi tsit, na tankaɗe toka na barbaɗa a bakin ƙofar, na shige ɗaki kamar mai barci. Can na fito na duba. Ga sawun ƙafa babba mai jan ƙasa, a gefensa ga wani ɗan zagaye, shatin gindin sanda.

Na leƙa. Baba na zaune a kan buhu, ya kwance ƙullin leda daga aljihun rigarsa, tsarabar abokansa na masallaci. Ya gutsuri ƙuli-ƙuli ya sa a baki, ya murje saura ya zura wa 'yan gero ta wayar kejin. Sun san shi sarai, sun yi cirko-cirko suna jira. A ledar har da kan kifi busasshe.

Na ce, "Haba Baba. Kai ne?"

Ko razana bai yi ba. Ya ce, "Waɗancan suna samun mai. Waɗannan kuwa kullum abu ɗaya, a aune. Wanda aka tsare aka auna masa abinci, ni na san abin da cikinsa ke faɗi. Kuma dabba in ka kulle ta, Allah zai tambaye ka."

Na rasa ta inda zan fara, ta ƙodarsa ko ta karatun 'yata. Ina nan tsaye ta dawo da ƙanƙara a hannu. Ta dube shi, ta dubi ledar. Ta tambaye shi tun yaushe, ya ce tun farkon zuwansu.

Ya ce, "Amarya, ɗan kaɗan ne fa."

Ta ɗauko kwalaben da ta sha wahalar tarawa ta juye su a shara. Ni da bakina na ce ta bari a kai hakanan, wa zai sani? Ta ce ita ta sani. Da aka koma makaranta ta gaya wa malaminta gaskiya, ya ce sai a sake daga farko da sabbin ɓeraye. Shekarar ta tafi ke nan.

Tana gaishe shi, ba ta taɓa fasawa ba, amma "Kaka" take cewa, ango mai sanda ya ƙare. Duk ranar da na yi waya da ita sai ya tambaye ni, "Amaryata ta huce?" In ce saura kaɗan. Na ji haushinsa, wallahi na ji, amma tambayar nan tana cin raina. Da damina jikinsa ya rikice, Allah Ya karɓi abinSa tana tsakiyar sabon aikin.

Ranar da ta kammala ta dawo gida, mata sun cika tsakar gida suna barka, har da maƙwabciyar tawa da kwanon dambunta. Aka nemi yarinya aka rasa. A ɗakin ajiya na same ta, zaune a kan buhu ƙarƙashin tarunan, da ƙullin ƙuli-ƙuli a cinyarta, ba ta ci ko ɗaya ba.

Ta ce, "Umma, da kin ce masa na huce."